Ciwon Kan Mai Kunne

Garejin yana bayan tashar mota, a lungun da kwalta ta ƙare. Rumfar kwano ce mai bango uku, da benci ɗaya da baƙin mai ya rine, da akwatin ƙarfe na sifanu, sai rami a tsakiya, wanda ake hawar da mota a kansa a shiga ƙarƙashinta. 'Yan'uwa biyu ke aiki a wurin, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban shi direbobi ke kira Mai Kunne. Ƙaramin kuwa, duk da furfurar da ta fara cin gemunsa, har yau Auta ake ce masa, shi kuma bai taɓa kiran wansa da wani suna ba sai Yaya.

Ba a banza Yaya ya samu sunan nan ba. In an kawo mota, ba ya saurin buɗe bonet. Sai ya ce wa direba kada ya kashe ta, ya tsaya a gefe, hannuwa a baya, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta taga. Can sai ya ce, "Auta, duba fulogi na uku," ko kuma, "Bel ne ya saki." Da wuya a buɗe a tarar ba haka ba. Direbobi na tsokanarsa wai mota ya fara aura kafin ya auri matarsa. Shi ba mai yawan magana ba ne. Sai ya yi murmushi, ya goge hannu da tsumma.

Tun bai kai tsawon tayar babbar mota ba yake wurin. Babansu ne ya kafa garejin, shi ya haƙa ramin da hannunsa, kuma daidai tsayinsa ya haƙa shi. To Baba gajere ne, 'ya'yansa kuwa tsawon dangin uwa suka ɗauko. Saboda haka tun suna samari duk wanda ya shiga ramin sai ya duƙa, in ya manta ya miƙe, ƙarfen ƙarƙashin mota ya tuna masa. Sun sha cewa za su ƙara masa zurfi, amma kullum da mota a kansa, bayan rasuwar Baba kuma ba wanda ya sake tayar da maganar. Gwara kai ya zama cikin aikin, kamar baƙin farce. In ɗaya ya ji ƙum daga ƙasa, sai ya leƙa ya ce, "Ƙarfen mutane bai lotsa ba dai ko?" Na ciki ya ce, "Da sauransa." Shi ke nan, a ci gaba da aiki.

Akwai ƙa'ida ɗaya da Yaya ya gada, bai taɓa sakinta ba. Duk motar da aka taɓa tayarta, ko wa ya ɗaura, ba ta fita sai ya zagaya da kansa ya sa sifana a kan kowane noti. Ko direba na ta danna hon, fasinja na jira, sai ya gama. Yakan ce ba ƙarfe yake ɗaurewa ba, mutanen da za su zauna a ciki yake ɗaurewa.

Ƙarshen Baba bai zo da sauƙi ba. Tsufa ya zo masa da ruɗewa. Ya fara da manta inda ya ajiye sifana, ya koma manta hanyar gida, daga baya ya daina gane 'ya'yansa. Da aka tsinto shi a bakin babban titi ba takalmi, ba sau ɗaya ba, sai aka ware masa ɗaki a ƙuryar gida, mai taga ɗaya, aka sa wa ƙofar kwado ta waje. Yaya ne ya riƙe makullin shekara da shekaru. Shi ke buɗewa da safe ya yi masa wanka, ya ba shi abinci a baki, ya rufe ya tafi aiki. Bai taɓa ƙorafi ba, bai kuma taɓa yin zancen ba bayan an binne tsohon. Ɗakin ya koma ma'ajiyar tsofaffin tayoyi da wata katifa da ta mutu.

Yaya ya haura sittin lokacin da ciwon kai ya fara damunsa. Bai faɗa wa kowa ba, Auta ne ya riƙa ganin fankon ƙwayoyi a bayan benci. Sai kuma barci. Mutumin da bai san zama ba, sai ga shi yana gyangyaɗi da hantsi, tsumma a hannu. Sifana ta fara suɓuce masa. Silifas ɗinsa na dama kan tsaya a baya, ya yi gaba bai sani ba.

Wata rana wani direban bas, tsohon abokin cinikinsu, ya shigo da motarsa tana shessheƙa.

"Mai Kunne, ga amaryarka na dawo maka da ita. Tun jiya take tari, ta ƙi ci ta ƙi sha."

Yaya ya tashi ya tsaya yadda ya saba, ya karkata kai. Ya daɗe a haka. Auta na riƙe da sifana yana jiran umarni. Yaya ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi motar kamar yau ya fara ganin mota.

"Ya ce iska take sha," in ji Auta da sauri, ya ɗaga bonet.

"Yaushe ya ce? Ni ban ji ba."

"Kai da kake yini cikin hon da ihun 'yan kamasho, wane kunne ya rage maka?"

Direban ya yi dariya, magana ta wuce. Da yamma aka sauya wa bas ɗin taya, Yaya ya zagaya ya bi notuna kamar kullum, ya tafi wanke hannu. Auta bai san abin da ya sa ba, ya ɗauki sifana ya ɗora a kan noti ɗaya. Notin ya juya ba tare da ya sa ƙarfi ba. Na biyu ma haka. Ya ɗaure su duka da sauri kafin wansa ya juyo.

Daga ranar ya zama yana bin bayan Yaya a ɓoye. In ya gama zagayensa, sai Auta ya ƙirƙiro abin da zai kawar da shi, ya ce ana sallama a baya, ko ya je ya duba ko ruwa ya zo, shi kuma ya sake bin notunan. Bai faɗa wa kowa ba. A ganinsa in ya faɗa, ya tuɓe wa wansa riga a kasuwa.

Bai san matar Yaya ma abin da take yi ke nan a gida ba, sai ranar da ya rako shi, ta tare shi a bakin ƙofa bayan mijinta ya shige.

"Auta, tsaya. Yaya yake a wurin aiki?"

"Lafiya lau."

"Ɗago ka kalle ni. Tun kana satar min sukari a gwangwani na san fuskarka in kana ƙarya."

Ya sunkuyar da kai. Ta rage murya.

"Ni ke sa masa maɓallin riga yanzu, ina yi kamar wasa nake. Shekaranjiya ya kira ni ya rasa abin da zai ce, ya tsaya yana nuna kofi da hannu." Sannan ta ce, "Irin na Baba ne ko?"

Dukansu biyu suka dubi ƙuryar gida.

'Yar Yaya malamar makaranta ce a wani gari. Da ta zo hutun ƙarshen mako ta ga ubanta, ba ta saurari kowa ba, ta ce sai asibiti. Likitar da suka samu a ƙaramin asibitin unguwa mace ce mai sanyin murya. Ta sa shi ya matse yatsunta, ta sa ya ɗaga hannuwa biyu ya rufe ido. Hannun dama ya riƙa sauka a hankali shi kaɗai.

"Ya faɗi kwanan nan? Ko haɗarin mota? Ko wani abu ya buge shi a ka?"

"A'a," in ji matar.

"A'a, likita," in ji Auta.

Ba ƙarya suka yi ba. Ita ba ta ga ya faɗi ba. Shi kuma da aka ce bugu, abin da ya zo masa a rai sanda ne, ko faɗowa daga kan babur. Abin da ke faruwa a rami ba ya cikin lissafinsa, kamar yadda in an tambayi mai gasa burodi ko ya taɓa ƙonewa, gobara zai tuna.

Ta tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi, suka ba ta labarin Baba. Ta ce yana iya zama shi, yana iya zama ƙaramin shanyewar jiki, amma ba za ta yanke ba sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a babban asibiti, kuma kada su yi jinkiri.

A mota, kan hanyar gida, Yaya ya yi magana tiryan-tiryan, irin wadda ya kwana biyu bai yi ba.

"Ba inda za ni."

'Yar ta yi ta lallashi har da kuka, ya kafe. Hutu ya ƙare ta koma makaranta. Matar da Auta kuwa suka bar maganar. Mene ne amfanin wahalar da mutum, a tura shi cikin na'ura, don a faɗa musu abin da suka riga suka sani? Ai sun taɓa ganinsa, sun san inda yake farawa, sun san inda yake ƙarewa.

Ba a daɗe ba Yaya ya daina zuwa gareji. Sai wata safiya maƙwabci ya riƙo hannunsa daga bakin titi, daga shi sai singileti. Washegari da Auta ya biyo ta gidan, ya tarar an fito da tayoyin nan an jera a tsakar gida, ƙura na fitowa ta ƙofar ɗakin ƙurya. Matar Yaya ta fito da tsintsiya, idanunta jawur. Ta miƙa masa tsohon kwadon.

"Ya yi tsatsa. Ka ga ko zai gyaru."

Ya karɓa ya sa a aljihu.

Ranar shi kaɗai ne a gareji, da wata motar ɗaukar kaya a kan rami. Ya shiga yana kwance bututun hayaƙinta, hankalinsa na kan abin da ke aljihunsa. Wani noti ya faɗi, ya duƙa ya ɗauka, ya miƙe gaba ɗaya. Ƙum! Wuta ta gilma masa a ido. Ya dafe kai ya durƙusa, yana jiran a leƙo a tambaye shi lafiyar ƙarfen mutane. Ba wanda ya leƙo.

A durƙushen nan ne abin ya faɗo masa. Wajen wata biyu da suka wuce, a ƙarƙashin wata tifa, shi ne a sama, Yaya a ciki. Ya ji ƙarar, ya leƙa ya yi tambayar da suka saba. Amma ranar Yaya bai ce da sauransa ba. Zama ya yi a ƙasan ramin, cikin baƙin mai, ya jingina da bango, ya daɗe. Da ya fito ya ce jiri ne kawai, ya sha ruwa ya koma aiki. Ba jini, ko ƙulu na kirki bai fito ba. Auta har tsokanarsa ya yi cewa tsufa ya fara karɓar haraji.

Bai tsaya wanke hannu ba. Ya kulle akwatin sifanu ya nufi ƙaramin asibitin. Ya jira layi a tsaye, saboda kada ya ɓata musu kujera.

"Likita, ranar nan kin tambaya ko wani abu ya buge shi. To, akwai irin wanda muke yi kullum a wurin aiki. Amma akwai ranar da ya zauna."

"Kullum?" Ta ajiye biro. "Kullum kuke buga kai?"

"Ramin ne gajere."

Ta sa ya ba ta labarin tifar daga farko. Ta tambayi irin maganin ciwon kan da yake sha, da ya kwatanta mata fankon, sai ta girgiza kai, ta ce irinsa yana tsinka jini.

"Ku kai shi babban asibiti yanzu. Ba gobe ba, ba anjima ba. Ko ya yarda ko bai yarda ba."

Ba a ma kai ga neman yardarsa ba. Da Auta ya isa gida ya tarar ya yi amai, matar na jijjiga shi yana buɗe ido da ƙyar. Direban bas ɗin nan aka kira, ya sauke fasinjojinsa a tasha ya zo. Su biyu suka ɗauko Yaya suka kwantar da shi a kujerar baya.

Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa dattijo ne mai tabarau. Ya kira Auta da matar gaban allon na'ura, ya nuna musu hoton da bakin biro. A gefen hagu akwai wani abu mai kama da ƙwayar wake, ya kwanta a jikin ƙashi, ya ture ƙwaƙwalwa gefe.

"Tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa akwai wani tantani mai tauri, kamar fata, shi ke kare ta. Bugun nan ya tsinka wata ƙaramar jijiya a wurin. Jini ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan, ba mafita, ya taru yana danne ƙwaƙwalwa. Gefen hagu shi ke riƙe da hannun dama da magana, shi ya sa kuka ga abin da kuka gani."

"Ba ruɗin tsufa ba ne?" in ji matar.

"A'a, baiwar Allah. Suna kama, har mu ma yakan ruɗe mu in ba a ɗauki hoto ba. Amma wannan abu ne da ake cirewa."

"Zai dawo yadda yake?" in ji Auta.

"Ba zan yi maka alkawari ba. An daɗe ana danne wurin. Amma in muka bar shi, ba zai kai labari ba."

Auta ya nemi kujera ya zauna, bai damu da baƙin mai ba. Kwadon ya tokare shi a cinya.

Da la'asar aka shiga da shi. Suka zauna a dogon barandar da ke gaban ɗakin tiyata, ƙarƙashin wata fanka mai juyawa a kasalance. 'Yar ta iso da jakarta a kafaɗa, ta zauna ta riƙe hannun uwarta, ba ta ce wa kowa ai na faɗa muku ba. Auta ya ji da ma ta faɗa, ko zai ji sauƙi. Matar tana ta motsa leɓe. Duk sanda ƙofa ta buɗe sai su miƙe, wata nas ta wuce da tire, su koma su zauna.

Rana ta kusa faɗuwa likitan ya fito, hular tiyata a hannu. Ya ce an gama, yana numfashi da kansa. Ya ce abin ya zo da ɗan bambanci da yadda ya zata.

"Tantanin nan ruɓi biyu ne a manne. Galibi jini a samansa yake taruwa ko a ƙarƙashinsa. Na yayanka kuwa tsakiya ya shiga, ya raba ruɓin biyu ya zauna a ciki kamar a aljihu. Duk shekarun da na yi ina wannan aiki, 'yan kaɗan na gani. Huda rami bai isa ba, sai da muka buɗe 'yar taga a ƙashi, muka tsaga, muka kwashe gudajin, muka wanke, muka mayar da ƙashin. Mun bar roba tana janye saura. Yanzu sai jira."

Ranar farko Yaya bai gane kowa ba. Kansa naɗe da bandeji, roba na saukowa zuwa wata leda mai jini baƙi-baƙi. Rana ta biyu ya bi matarsa da ido, ya sha ruwa. Auta na zuwa kowace safiya ya zauna a gefen gado, ya sa yatsunsa biyu a tafin hannun dama na wansa, yadda ya ga likita ta yi. Hannun na nan sake kamar tsumma.

Wata safiya yana zaune haka, yana kallon taga, sai ya ji an matse yatsun. Ba da ƙarfi ba, amma matsa ce. Ya juyo. Yaya na kallonsa, kallo irin na da.

"Auta." Muryar a dishe. "Kai kana nan, wa ka bar wa garejin?"

Auta ya tashi ya fita baranda, ya juya wa mutane baya, ya daɗe yana goge fuska da hannun riga.

Bayan an sallame shi, an cire zare, magana ta dawo sarai. Ƙafar ma ta daina ja. Hannun dama ne bai dawo duka ba, yana riƙe kofi, yana sa maɓalli, amma likita ya ce ya manta da sifana da rami, ya kuma hana shi ƙwayoyin nan har abada. Yaya ya saurara, ya gyaɗa kai, bai yi gardama ba.

Gefe ɗaya kawai aka aske masa a asibiti, ɗayan gashin ya yi tsiri, sai kan ya zama abin dariya. Matar ta ce ba za ta bari ya fita haka ba, shi kuma ya ƙi zuwa shagon aski. Sai Auta ya aro injin aski, ya zaunar da shi a kan kujera a tsakar gida da hantsi, ya yafa masa tawul. Ya fara daga gefen lafiya, furfura na zuba a kafaɗa.

"Ina jin ku, ka sani," in ji Yaya, bai juyo ba.

"Yaushe?"

"Ranar da take share ɗakin. Ina kwance ina jin tsintsiya. Na san ko na wane ne. Maganar na nan a bakina, in ce muku ina ciki, ban tafi ba. Ta ƙi fita."

Auta ya kashe injin.

"Tun da ciwon kan ya fara na zaci irin na Baba ne," in ji Yaya. "Shi ya sa na ɓoye muku. Shi ya sa na ƙi hoton. Na ce in aka ɗauka aka tabbatar, shi ke nan."

"Mu ma abin da muka zata ke nan, Yaya."

"Na sani. Ban ga laifinku ba, ni ma na taɓa rufe Baba." Ya shafa gwiwarsa da hannun da ya raunana. "Na tambayi likitan ko na Baba ma jini ne. Ya ce da wuya, tunda ya ɗauki shekaru. Amma ya ce tunda ba a duba ba, ba zai rantse ba."

Wata mota ta wuce a waje. Matar na can ciki tana wanke kwanuka.

"Wata rana yana iya zuwa da gaske," in ji Yaya. "Gare ni, ko gare ka. In ya zo gare ni, ka kai ni a duba kaina tukuna, ko ina zaginka. In sun ce babu abin cirewa, to ka yi abin da ya kamata, ba zan riƙe ka ba."

"To, Yaya."

"Ka ce ka ji."

"Na ji."

"To ƙarasa, kada ka bar ni rabi da rabi."

Auta ya kunna injin. Da ya iso kusa da tabon, inda fatar ta yi ja, sawun ɗinki ya lanƙwasa a saman kunne, sai ya rage hannu, ya dafa kan wansa da tafin hagu, ya riƙa bi a hankali.